Gardama a Kan Wasannin Bidiyo na Dā

Akwai wata gardama da ba a taɓa raba manya da yara da ita ba, watau ko abin dā ya fi na yanzu. Tsoho ya ce tuwon dā ya fi gardi, damina ta fi ruwa, samari sun fi kunya. Yaro ya saurara don ladabi, in ya ba da baya ya yi dariya. Hausawa sun daɗe da yanke wa wannan magana hukunci, suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma su ɗin ne kuma suka ce da tsohuwar zuma a ke magani, saboda haka hukuncin bai kashe gardamar ba. To, ga shi yanzu ta kai ga wani abu wanda shi kansa bai tsufa ba, don akwai mutane da yawa a raye da suka girme shi, watau wasan bidiyo, wanda yara ke kira gem.

Ga wanda bai saba da shi ba, ga yadda abin ya ke. Wata 'yar na'ura ce a ke haɗawa da talabijin, wani lokaci kuwa wasan yana cikin kwamfuta ko wayar hannu. Hoto ya fito a jikin gilashi, mutum ya riƙe wani ɗan abu mai maɓallai, wanda shi ne kamar linzami. In ya danna nan, ɗan mutumin da ke cikin hoton ya yi tsalle, in ya danna can ya sheƙa da gudu. A silima an gama labari tun kafin a zauna kallo, a nan kuwa sai abin da hannun mai wasa ya yi. Galibin waɗannan wasanni a Amurka da Japan aka ƙago su, a can kuma gardamar ta fi zafi. Magidanta 'yan shekara arba'in da hamsin suna rantsuwa wasa na ƙwarai ya ƙare tun suna yara, abin da a ke yi yau ado ne kurum. 'Ya'yansu kuwa in aka nuna musu na dā sai su riƙe baki, su ce ashe haka iyayenmu suka sha wuya.

A shekarar 1972 wani kamfani a Kalifoniya ta Amurka, mai suna Atari, ya ƙera wani wasa ya sa masa suna Pong. Akwati ne mai kusan tsayin mutum, da talabijin a ciki, da 'yar kafa inda a ke jefa kuɗi. Abin da ke cikin hoton bai wuce fararen sanduna biyu ba, ɗaya dama ɗaya hagu, da ɗigo guda yana kai da kawowa a tsakaninsu. Kowa ya bari ɗigon ya wuce sandarsa an ci shi. Iyakar wasan ke nan. Aka ajiye na farko a wata mashaya a garin Sunnyvale don gwaji. Ba a daɗe ba mai wurin ya aika wai akwati ya lalace. Da Al Alcorn, injiniyan da ya haɗa shi, ya zo ya buɗe, sai ya tarar ba abin da ya sami akwati, kuɗi ne suka cika ma'ajin har suka toshe kafar. Yau in aka sa yaro gaban Pong ba zai yi minti biyar ba zai tashi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Abin da ya tara mutanen nan kuwa shi ne, kafin ran nan talabijin ke magana su suna saurare, galibinsu ba su taɓa ganin mutum ya murɗa wani abu da hannunsa talabijin ya bi umurninsa ba. Amarya ko ta buzuzu ce ana ɗokinta. Daga nan mutanen Japan suka karɓa, kamfanin Taito ya fito da Space Invaders a 1978, Namco ya fito da Pac-Man a 1980, Nintendo kuma da Donkey Kong a 1981, kowanne ya zo ya yi tashe.

Ɗoki bai daɗe ba ya gaji. Da 'yan kasuwa suka ga duk abin da aka kira wasan bidiyo ana saye, sai kowa ya shiga, mai gwaninta da maras ita, aka cika kantuna da tarkace. Wanda ya fi yin suna a cikinsu shi ne E.T. A 1982 Steven Spielberg ya yi wani fim mai wannan suna, ya karɓu ƙwarai. Atari ya biya fiye da dala miliyan 20 don a yarda masa ya yi wasa da sunan fim ɗin, sa'an nan ya ba mutum ɗaya, Howard Scott Warshaw, mako biyar da 'yan kwanaki ya gama aikin don a riski cinikin Kirsimeti, alhali kuwa irin wannan aiki watanni ya ke ci. Abin da ya fito wasa ne wanda ɗan halittar da a ke juyawa ba shi da aiki sai faɗawa rami, in an fito da shi da ƙyar ya sake komawa. Iyaye suka yi ta mayar da shi kantuna. Kasuwar gaba ɗaya ta karye: cinikin wasannin gida a Amurka ya kai wajen dala miliyan 3,200 a 1983, kafin 1985 ya sauko zuwa kamar miliyan 100. A watan Satumba na 1983 Atari ya loda kaset-kaset ɗin wasanni da suka yi kwantai a manyan motoci, E.T. da wasunsa, aka kai su jujin garin Alamogordo a hamadar New Mexico, aka binne, aka zuba siminti a kai.

Nan ne abin mamakin ya ke. Shekara talatin da ɗoriya bayan wannan, a watan Afrilu na 2014, aka sami izinin hukumar garin aka kawo motocin tono. Mutane suka taho daga nesa suka tsaya cikin iska da ƙura don su ga an tone juji, da aka ɗaga kaset na farko suka yi ta sowa. Aka fito da wajen 1,300. Hukumar garin ta yi gwanjon mafi yawansu, ta sami fiye da dala 100,000, akwai kaset ɗaya na E.T. da aka saya a kan fiye da dala 1,500, wani kuma aka kai shi gidan adana kayan tarihi na Smithsonian a Washington. A tuna fa, ko harafi ɗaya bai sauya a cikin wasan ba, abin da ya ƙaru a kansa sai datti da murmushewa. Yaran da suka yi kuka a 1982 don an saya musu wasan banza, su ne suka girma suka sa hannu a aljihu suka saye shi da tsada. Da a ce alƙali zai tambaye su wane hukunci ne nasu na gaskiya, na farko ko na biyu, da sai su yi ta kame-kame.

Turawa suna da kalma guda ta wannan hali, su kan ce nostaljiya, kuma asalinta sunan cuta ne. Wani ɗalibin likita, Johannes Hofer, ya ƙaga ta a birnin Basel a 1688, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya komawa gida ɗaya ciwo. Ya yi ta ne don wata rashin lafiya da ke kama mutanen Suwizalan in sun yi nisa da gida, su daina cin abinci, su rame, wani har ya kwanta. Maganin da aka sani shi ne a mayar da mutum garinsu. Wannan shi ne begen gida, wanda duk ɗan ci rani ya san shi. Amma mai begen gida yana da sauƙi, don akwai hanya kuma akwai mota. Mai begen ƙuruciya ba hanyar da za ta kai shi, saboda haka ya kan kama duk wani abu da ya rage daga wancan lokaci ya riƙe, ko waƙa, ko tsohon hoto, ko kaset ɗin wasa, ya ɗora masa duk daɗin da ya ji a shekarun nan. Masu nazarin halin ɗan Adam sun lura in aka tambayi dattijo abubuwan da ya fi tunawa a rayuwarsa, galibi daga tsakanin shekara goma zuwa talatin ya ke ɗebo su. Daidai shekarun da a ke zama gaban gem ke nan.

Wannan ƙasa ma ta sami rabonta. Daga wajen 1990 na'urorin wasa suka fara yawa a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, mafi yawa ba na Nintendo na ainihi ba, na kwaikwayo ne da a ke kawowa daga gabashin Asiya da araha. Kaset ɗinsu a kan rubuta masa wasa 9999 a ɗaya, in aka kunna a tarar 'yan ƙalilan ne a ke ta maimaitawa da sunaye dabam dabam. Wanda ba a saya masa a gida ba sai ya nufi gidan gem, wani ɗan shago mai benci da talabijin biyu ko uku, a biya a buga, wanda aka ci ya tashi ya ba wani linzami. Da PlayStation ta kamfanin Sony ta iso, wadda aka fara sayarwa a Japan a 1994, sai ƙwallon ƙafa ya cinye kome. Wasan kamfanin Konami ne, Winning Eleven, rubutunsa da Japananci, mai sharhin ma da Japananci ya ke ihu, yara kuwa suka haddace inda kowane abu ya ke ba tare da sun iya karanta ko baƙi ɗaya ba. A cikin wasan nan akwai Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna wanda ya buga wa Ajax ta Holan, an ba shi gudu irin wanda ba mai kamo shi, har ya yi suna a wurin masu wasan a ƙasashen da ba su san inda Kaduna ta ke ba. Bayan an kawo wayar hannu a 2001 kuma sai ga macijin Nokia, wanda ke cin ɗigo yana ƙara tsawo har ya ciji kansa. Shi wannan har manya sun taɓa, a ɓoye.

To, a ɗauki misalin magidanci wanda ya tashi cikin wannan zamani, yanzu yana da ɗa ɗan shekara goma sha biyu mai buga ƙwallo a waya. Ya yi ta ba yaron labari, rannan dai ya samo tsohuwar na'ura ya haɗa, ya ce, "Kai, zo ka ga wasa na gaske." Yaro ya zo ya durƙusa ya duba, ya ce, "Baba, wannan wane ne? Ai ba shi da fuska." Uban ya ce, "Babangida ke nan, bari ka ga gudu." Yaro ya yi shiru don kunya, ya kalla na ɗan lokaci, ya nemi izini ya fita. Abin da uban ba zai faɗa wa kowa ba shi ne, shi ma da ya zauna shi kaɗai bai kai rabin sa'a ba ya kashe. 'Yan wasan sun yi masa kama da kwalaye masu ƙafafu, filin kuma kamar tabarma. A zuciyarsa wasan nan yana da iska da ƙura da hayaniya, ashe hayaniyar ta benci ce: abokan da ke tsaye a baya suna zuga, da kuɗin barka da salla da aka ɓoye a lalita, da fargabar kada wa ya leƙo ya ja kunnen mutum zuwa makarantar allo, da ihun da a ke yi in an ɗauke wuta ana saura minti ɗaya a tashi. A cikin abokan nan wani yana Legas, wani ya yi arziki ba ya ɗaga waya, wani kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Ba ko ɗayansu a cikin faifan. Shi ya sa in yaro ya kushe wasan uban ya kan ji zafi fiye da kima, har ya yi fushin da yaron bai san dalilinsa ba.

A shari'a ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko da uban mutumin kirki ne, don ana tuhumar ƙauna. Haka ya kamata a ɗauki shaidar mutum a kan wasan ƙuruciyarsa. Ga misali ƙarami. Duk wanda ya taɓa irin na'urar Nintendo zai rantse in kaset ya ƙi kamawa sai a ciro shi a hura masa iska da baki, a mayar, ya kama. Kamfanin kuwa gargaɗi ya yi kada a hura, don damshin baki tsatsa ya ke sa wa 'yan ƙarafan. Cirewa da mayarwa ita ce ke gyara zaman haƙoran, hurawa ba ta ƙara kome ba. Miliyoyin mutane a ƙasashe dabam dabam sun shaida abu da idonsu, kuma ba haka ya ke ba. Sai kuma batun wuya. Manya su kan yi alfahari wasannin dā ba sa lallashin kowa: a Contra harsashi ɗaya ke kashe mutum, rai uku a ke ba shi, in sun ƙare bayan 'yan damar sake gwadawa ya koma farko. Gaskiya ne, amma ba don tarbiyya aka yi haka ba. Akwatin da a ke jefa wa kuɗi ba ya cin riba sai mai wasa ya mutu da wuri ya sake jefawa. Na gida kuwa gajeru ne, gwani ya kan gama Contra cikin ƙasa da sa'a guda, saboda haka in ba a tsananta ba yaro zai cinye a yini ɗaya uban ya ce an cuce shi. Dabarar ciniki ce, ko da ya ke ta koya wa wasu haƙuri a kan hanya.

Akwai kuma wata rashin adalci a lissafin manya wadda ko ƙaramin akawu zai gane. Na'urar NES ta Nintendo, wadda ta farfaɗo da kasuwar Amurka daga 1985, an yi mata wasanni fiye da 600 da izinin kamfanin a can kaɗai. A watan Nuwamba na 2016, da Nintendo ya sake ƙera ta 'yar ƙarama don masu bege, wasa 30 ya zaɓa ya zuba a ciki, ya sa mata dala 60, kafin Afrilu na 2017 an sayar da miliyan 2.3, mutane suna layi ba su samu ba. Ina sauran ɗaruruwan? Da yawansu ba mai ko tuna sunansu, don ba su cancanta ba. Zamani ya sheƙe ƙaiƙayi ya bar tsaba. Sai dattijo ya ɗebo tsabar dā ya aza kusa da dukkan abin da ke masussukar bana, har da ƙaiƙayinta, ya ce a duba bambanci.

Amma kada yara su yi murna tukuna, don ba duk maganar manya ce mafarki ba. Da farko dai, hoton da yaro ke gani yau ba shi ne wanda ubansa ya gani ba. Tsohon talabijin mai ƙaton ƙeya yana zana hoto ne da tsinken haske, layi bayan layi, launuka suna ɗan narkewa cikin juna. Masu zanen wasannin sun san haka, suka riƙa jera ɗige-ɗige yadda in sun narke za su ba da inuwa, ko ruwa, ko kumatu. Sabon talabijin mai faɗi kuwa kowane ɗigo ya ke fitarwa da kusurwoyinsa huɗu, sai hoton ya zama kamar an jera tubala. Har ila yau ya kan ɗan yi jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin hoto, jinkirin da ido ba ya gani amma hannu na ji. Bindigar wasan harbin agwagi, Duck Hunt, ba ta ma aiki da sabon talabijin sam. Saboda haka in dattijo ya ce wallahi dā ya fi haka kyau, akwai ƙamshin gaskiya.

Na biyu kuwa, ɗokin sabon abu ya fi bege saurin ruɗin mutum, kuma su manyan nan an taɓa ruɗinsu da shi. Wajen 1995 aka shiga yayin wasanni masu zurfi, waɗanda a ke shiga cikinsu gaba da baya kamar ɗaki. Duniya ta ɗauka, aka riƙa raina masu tafiya daga hagu zuwa dama, wai sun zama na yara. GoldenEye 007, na 1997, an sayar da fiye da miliyan 8, shekara da shekaru ana ambatonsa cikin gwanaye. Da aka sake fito da shi a Janairu na 2023, da yawa daga masu begensa suka tarar hannunsu ya ƙi linzamin, don an gina shi ne a kan sandar juyawa ɗaya, su kuwa sun saba da biyu. Sony ma ya bi sawun Nintendo a Disamba na 2018, ya fito da 'yar ƙaramar PlayStation mai wasa 20 a kan dala 100, ba a yi mako nawa ba kantuna suka karya kuɗinta. Akwai laifin zaɓen wasannin da na aikin kamfanin, amma akwai kuma wannan, cewa abin da aka yaba a 1997 don ba a taɓa ganin irinsa ba, da aka ga wanda ya fi shi sai yabon ya rasa abin da zai tsaya a kai. Wasannin da aka raina a lokacin, masu zanen hannu, su ne suka fi jure wa ido yau. Duk abin da a ke yi wa sowa bana don kyan hoto yana bisa wannan hanya.

Waɗanda suka tsira kuwa, ƙa'idarsu ce ta tsirar da su. Dara ramuka 30 ce a ƙasa da 'yan tsinke da duwatsu, ba wanda ya taɓa cewa ta tsufa, don daɗinta ba a kallo ya ke ba. Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka yi a 1985, duk girmansa kilobait 40 ne, hoto ɗaya da a ke ɗauka da waya yau ya ninka shi sau da yawa. Don tsimin wuri, gajimaren da ke sama da ɗan kurmin da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Gashin baki da hular Mario ma ƙarancin ɗigo ne ya kawo su tun a Donkey Kong, don sun fi baki da suma sauƙin zanawa. Amma a dubi yadda aka shirya farkon wasan. An tsayar da Mario a hagu, fili a buɗe a dama, kowa ya san inda zai nufa. Maƙiyi na farko yana tahowa a hankali, dole a koyi tsalle. Naman kaza na farko, wanda ke ƙara girma, in ya fito ya kan bugi bututu ya dawo kan mai wasa, yadda ko ya ji tsoro ya so kaucewa da wuya ya kauce, sai ya taɓa shi ya gane ashe alheri ne. An koyar da mutum wasa duka ba a rubuta masa kalma ɗaya ba. Malamin da ya taɓa koya wa babba karatu ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Shaidar da ba tuhuma a kanta ita ce ta yaron da bai san zamanin ba, ba ya begen kowa a ciki, ga kuma sababbin wasanni a gabansa, amma ya zaɓi tsohon. An sami irin wannan shaida a kan Tetris. Alexey Pajitnov ya ƙaga shi a Mosko a 1984, a kan wata kwamfutar Rasha da ba ta iya zana hoto ba, sai da baƙaƙen rubutu. Siffofi bakwai ne, kowace da murabba'i huɗu, suna faɗowa daga sama, mutum yana jera su, layin da ya cika ya ɓace. Na NES ya fito a 1989, kuma ana gasarsa ta duniya a Amurka, da tsofaffin na'urori da tsofaffin talabijin. Jonas Neubauer ya ci gasar sau bakwai. A 2018 wani ɗan shekara 16, Joseph Saelee, wanda aka haifa shekara goma sha uku bayan fitowar wasan, ya kuma koye shi ta kallon bidiyo a intanet, ya kayar da shi a wasan ƙarshe. Daga nan yara suka mamaye gasar. Manya sun yi shekaru suna cewa mataki na 29 shi ne iyaka, don siffofin suna faɗowa da saurin da yatsa ba zai iya bi ba. Yaran suka ƙago wata dabara, su aza yatsa a kan maɓalli su riƙa kaɗa bayan linzamin da yatsun ɗaya hannun kamar mai kiɗan kalangu, suka wuce iyakar. A watan Disamba na 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma ya kai mataki na 157, har lissafin na'urar ya rikice hoto ya tsaya cik, abin da ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa yi cikin shekara 34. Ba a ji yara suna gasar E.T. ba.

'Yan kasuwa sun gane bege hajja ce, kuma ba ta kwantai. A watan Yuli na 2021 aka yi gwanjon kaset ɗaya na Super Mario 64 wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba a kan dala miliyan 1.56, wata guda bayan haka na Super Mario Bros. ya kai miliyan 2. Mai sayen ba zai buga ba, don ran da ya yage ledar ran nan kuɗinsa ya narke. Su kamfanonin kuma 'yan wasannin nan da aka sani su ke ta sake sayarwa, a kowace sabuwar na'ura a sake biya. Sauran an bar su. A 2023 wata ƙungiyar adana tarihin wasannin bidiyo a Amurka ta bincika, ta tarar kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin ta kowace hanya. Mai son ya gani da idonsa ya yi hukunci, sai ya nemi tsohon kaset a hannun 'yan gwanjo, ko ya bi ta hanyar da doka ba ta yarda ba. In haka ta ɗore, gardamar za ta koma tsakanin wanda ya manta da wanda bai taɓa gani ba.

Yaran yau kuwa nasu ya fi wannan rauni. Wasanninsu da yawa ba a kaset su ke ba, ba a faifai ba, suna zaune ne a manyan kwamfutocin kamfani, ana isa gare su ta intanet, ran da kamfani ya ga ba riba ya kashe. The Crew, wasan tseren mota na kamfanin Ubisoft, ya fito a 2014, a ƙarshen Maris na 2024 aka rufe shi, har waɗanda suka saya da kuɗinsu faifan ya zama musu marufin tulu. Concord na Sony ya fito ran 23 ga Agusta 2024, ran 6 ga Satumba aka janye shi aka mayar wa mutane kuɗinsu. Yaron nan da ya ce Babangida ba shi da fuska, nan da shekara talatin shi ma zai kira ɗansa ya ce zo ka ga wasa na gaske, kuma mai yiwuwa ne ya nemi abin da zai kunna ya rasa. Mutanen Alamogordo ko ba kome sun san inda ramin ya ke, suka kawo motar tono.